Zangon da Hajiyar laburare ta mayar da ni ɗalibi

Kundi uku ne a kan teburina ran nan, na ɗalibai uku da nake duba wa aikin kammala NCE, kuma babi na biyu na dukkansu abu ɗaya ne sak. Har kuskuren mai bugawa, inda ya rubuta "marina" da "n" biyu, yana nan daram a cikin ukun. Da na kira su ofis, ɗaya ya hau rantsuwa, ɗaya ta fashe da kuka, na ukun ne ya gaya mini gaskiya. Akwai wani shagon buga takardu a bakin ƙofar makaranta, ka faɗi taken aikinka, ka biya, ka dawo jibi ka karɓa.

Ni malamin Hausa ne a wata kwalejin ilimi, na haura shekara goma ina koyarwa. Washegari na nufi laburare, kuma in faɗi gaskiya tarko na je nema. Na ji ana cewa akwai manhajar da ake zuba wa rubutu ta tona inda aka kwaso shi, na ce bari in samo ta in yi maganin yaran nan.

Wadda na tarar ita ce mataimakiyar shugaban laburaren, dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. Mun daɗe muna gaisawa a taron ma'aikata, amma ban taɓa zama a ofishinta ba. Yawancinmu malamai kallon masu gadin littattafai muke yi wa mutanen laburare: su buga hatimi, su ce a yi shiru, su sa hannu a takardar sallamar ɗalibi in ya gama. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, manhajar nan abin da ke cikin rumbunta kaɗai take iya kwatantawa da shi. Kundin Hausa da aka kwafo daga wani kundin da ke kwance a kabad ɗin wata makaranta, bai taɓa hawa intanet ba, a ina za ta gan shi? Bar wannan tukuna. Kawo mini jingar da kake ba su tun suna aji biyu."

Na kawo. Layi biyu ce: "Yi cikakken bayani a kan sana'o'in Hausawa na gargajiya. Shafi goma, a kawo manazarta." Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma da ka ba ni wannan, kwafa zan yi."

Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma da ta warware ta, sai na rasa ta cewa. Tambayar an amsa ta sau ba adadi a littattafan sakandare, ba ta bar wa ɗalibi wani abin da zai gano da kansa ba. "A kawo manazarta" kuma ban ce guda nawa ba, ban ce wane iri ba, ban ce daga ina ba, ban kuma taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin waɗanda suke kawowa don in ga ko akwai ta ba. Na ce ai an koya musu amfani da laburare a aji ɗaya, cikin darussan gama-gari. Ta ce ita ce ma take koyar da darasin, a babban zaure, ga ɗaruruwan yara lokaci guda, su haddace ma'anar katalog su rubuta jarrabawa. "Kamar ka koya wa mutum hawan keke da baki ne, sannan bayan shekara biyu ka miƙa masa keke ka ce ya kai saƙo kasuwa."

Daga nan ta juyo mini da kwamfutarta. Ta ce in samo mata maƙala uku a kan rini a ƙasar Hausa, waɗanda aka buga a mujallu na ilimi cikin shekara goma da suka wuce. Na rubuta "sana'ar rini" a Google. Abin da ya fito labaran jaridu ne da hotunan masu yawon buɗe ido a Ƙofar Mata. Na yi ta juya kalmomi kusan minti ashirin, gumi na tsatso mini, ita kuwa tana ta sa hannu a wasu takardu kamar ba ta san ina wurin ba. A ƙarshe na ɗaga hannu. Ni da nake zare wa yara ido a kan bitar ayyukan da suka gabata, ashe tun da na gama digiri na biyu littattafai bakwai ko takwas ɗin da na sani nake ta jujjuyawa.

Sati biyu na yi ina zuwa ofishinta bayan la'asar. Abin da ta fara nuna mini shi ne Google daban, Google Scholar daban: na biyun ayyukan ilimi yake tattarowa, kuma a ƙarƙashin kowane aiki akwai wurin da za ka danna ka ga waɗanda suka ambace shi daga baya. Ka samu tsohuwar maƙala guda mai kyau, sai ka bi sawunta har zuwa bana. Ta nuna mini AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda mujallun Nijeriya suka cika, da DOAJ da aka buɗe a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, inda ake jera mujallun da kowa zai karanta kyauta. Ta ce malaman sashen noma kuwa AGORA take buɗe musu, rumbun mujallun noma wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 2003. Ni ban ma san kwalejinmu tana da hanyar shiga irin waɗannan wurare ba, alhali an sha aiko da takarda sashenmu. A allon sanarwa take ƙarewa.

Abin da ya fi burge ni ƙananan dabaru ne da suka shafi harshenmu. In ka nemi "ƙira" da ƙugiya, ba za ka ga ayyukan da aka buga da tafireta ko kwamfutar da ba ta da haruffanmu ba, don haka sai ka nema da "kira" ma, ka haƙura da tarkacen da zai biyo baya. Abin da aka rubuta da Faransanci, kamar yawancin ayyukan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, "haoussa" za ka rubuta kafin ka same shi. Jamusawa kuma "Haussa" suka saba rubutawa. Batun rini kuwa, sai da muka sa sunan baba na Turanci, wato indigo, muka haɗa da Kano ko Kura, sannan ƙofa ta buɗe. A nan na ga yadda masana tarihi ke ta komawa ga bayanin da Heinrich Barth ya yi a kan masaƙa da marinan Kano bayan zuwansa a 1851.

Da muka gama da ni, sai muka koma kan jingar. Shawararta ita ce a fasa ta gida huɗu, kowane gida da makinsa da ranar kawo shi. Da farko ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya a gari ɗaya, ya rubuta tambaya guda da yake son amsawa, ba ta wuce layi uku ba. Sannan ya kawo madogara biyar, ƙarƙashin kowacce ya rubuta wa ya yi ta, yaushe, me ta ce, kuma me ya sa ya yarda da ita. Na uku ya je ya yi hira da mai sana'ar. Sai a ƙarshe ya rubuta shafi biyar, maimakon goma. Ita kuma za ta shigo ajina sau uku, kowane zuwa a daidai satin da ɗalibai za su buƙaci abin da za ta koyar.

Shugaban sashe bai hana ba, ya dai ce kada ya ji na kasa gama manhajar kwas. Wani abokin aikina ya ce, "To Malam, yanzu har ka gaji da koyarwar ka ba da ita haya?" Na yi dariya na wuce, duk da cewa ni ma a raina ina tunanin awa shida da zan sadaukar.

Zuwanta na farko ba ta kunna komai ba, ko allo ba ta taɓa ba. Ta tambayi ajin wa ya yi Islamiyya, hannuwa suka tashi kusan duka. Ta ce, "In mutum ya miƙe a masallaci ya ce ga wani hadisi, me za ku tambaye shi?" Suka ce, "Wa ya ruwaito?" Ta ce, "In ya ce muku an ce ne kawai fa?" Aji ya ɗauki dariya. Sai ta ɗaga ɗaya daga cikin tsofaffin jingogin da na ba ta, ta rufe sunan mai shi, ta karanto: "Masana sun bayyana cewa..." Ta ce, "Su wane ne masanan? A wane littafi? Shafi na nawa? Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni a kan raƙumi don su tabbatar da mutum ɗaya a cikin isnadi. Ku an ce ku rubuta suna da shekara da shafi, kuna ganin an takura muku." Shekara goma ina cewa "a bi tsarin APA", wato ƙa'idar rubuta manazarta, ban taɓa ganin ajin ya fahimci dalilin abin ba sai ran nan.

Daga nan ta kwashe su zuwa kantocin littattafai, rukuni-rukuni, don ajin ya haura mutum tamanin. Laburarenmu tsarin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yake bi wajen jera littattafai, kamar yawancin manyan makarantun ƙasar nan. Ta nuna musu cewa harshen Hausa da adabinsa suna tsakanin PL8231 da PL8234, tarihin Nijeriya yana DT515, ilimin koyarwa yana ƙarƙashin L. Ɗalibaina sun saba su tsaya a kantar Hausa kaɗai, in ba su ga "rini" a bangon littafi ba su dawo su ce babu komai. Ta sa su buɗe fihirisar da ke bayan littattafan tarihi su nemi kalmar. Wata yarinya ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, wallahi ga shi nan, shafi huɗu cur." Shekararta biyu a makarantar, ran nan ta fara sanin amfanin shafukan ƙarshe na littafi.

Zuwa na biyu a ɗakin kwamfutoci aka shirya shi, wanda aka gina da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Muna zama aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Na ce a ɗage. Hajiya ta ce ina, kowa ya fito da wayarsa, ai daman a kan wayar za su yi aikin in sun koma ɗakin kwana. Ta kunna wa waɗanda ba su da data tata, aka zauna uku-uku a waya ɗaya. Bayan haka na gane wannan ya fi, don abin da suka koya a kan abin da ke aljihunsu suka koya. Ta sa kowa ya rubuta tambayarsa a takarda, ya ja layi ƙarƙashin kalmomi biyu ko uku da suka fi nauyi, ya nemo wa kowacce 'yar'uwarta da Hausa da Turanci, kafin ya taɓa wayar. Ta koya musu sa kalmomi cikin alamar zance in ana son su fito a jere, da karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, kafin a ɓata data wajen sauke maƙala gaba ɗaya.

Matakin madogara biyar ɗin nan shi ya fi ba mu aiki, kuma shi ya fi tona asiri. Mun raba takardun, ni rabi ita rabi. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta kawo nata biyar tsaf, waƙafi da aya duk a wurinsu, har na rubuta mata "madalla". Hajiya ta karɓa ta duba ta ce, "Wannan ya cika kyau." Ta nemi ta farko: marubucin akwai shi, mujallar ma akwai ta, amma a fitowar da aka ambata babu maƙala mai wannan suna. Haka ta biyu, haka ta huɗu. Da muka kira yarinyar, ta ce wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta tambaya a waya, ita ta jero mata su. Ba ta san cewa irin waɗannan manhajoji suna iya ƙaga sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, su laƙaba wa malamin da yake raye. Ni sifili na yi niyyar ba ta. Hajiya ta ce, "Malam, ba ta san ta yi ƙarya ba, ƙarya aka yi mata. Bari mu nuna wa ajin gaba ɗaya, ba sai an faɗi sunanta ba." Daga ranar muka kafa doka: duk madogarar da ba ka buɗe da idonka ba, ba ta shiga aikinka, kuma kowacce a haɗo ta da hoton shafinta na farko ko lambarta ta kanta. Ba mu hana amfani da manhajar ba, don hanin ba zai yi aiki ba.

A zuwa na uku ne abin ya biyo ta kaina. Tana bayanin yadda ake gane mujallar bogi: wadda ke aiko maka da saƙo tana roƙon maƙala, ta karɓa cikin kwana uku ko huɗu ba gyara ko ɗaya, ta nemi kuɗi, kuma a fitowa ɗaya ka ga aikin injiniya kusa da nazarin waƙa. Ta ce wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall na Jami'ar Colorado da ke Denver, ya yi shekaru yana tara sunayen irinsu har ya rufe jerin a Janairun 2017. Ina zaune a bayan aji jikina ya yi sanyi, domin kowace alama da ta lissafa ta dace da wata mujalla da na buga maƙala a ciki lokacin da nake neman ƙarin girma. Bayan an tashi na same ta na faɗa mata. Ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, Malam. In lokacin ƙarin girma ya matso, layi ake yi." Ta kuma ja mini kunne kada in zarce: rashin ganin mujalla a intanet ba ya nufin ta bogi ce. Da yawa daga mujallun sassan Hausa na jami'o'inmu a takarda kaɗai suke fitowa, kuma malamai na gaske ne ke tace su. Abin dubawa shi ne su wa ke tacewa, kuma ana iya samunsu a tambaye su.

Hirar da masu sana'a ita ta kawo muhawarar da na fi jin daɗi. Wani yaro ɗan gidan marina ya zo da damuwa. Maƙalar da ya samu ta nuna rini aikin maza ne zalla, shi kuwa kakarsa ce ke ɗaure zannuwa da zare a cikin gida, ta fitar da ado, kafin a kai su karofi a tsoma. Ya ce, "Malam, wanne zan rubuta? Wancan fa dakta ne." Na tura shi wurin Hajiya da gangan, na bi bayansa don in ji. Ta ce masa ƙungiyar laburarorin kwalejoji da na bincike ta Amurka ta amince da wani jagora a 2016 mai ginshiƙai shida, ɗaya daga ciki yana nuna cewa wanda ake dogara da maganarsa ya danganta da abin da ake tambaya. "In tarihin cinikin baƙin rawani zuwa Agadas kake nema, daktan ya fi kakarka. In kuwa wa ke ɗaure zane a gidanku kake tambaya, wa ya fi ta sani? Rubuta duka biyun. Ka ce wane ya ce kaza a shekara kaza, ni kuma na ga kaza a gari kaza, ranar kaza."

Nan ma sai da muka yi gardama ni da ita. Tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, ba ya sa hirar da mutum ya yi da kansa a jerin manazarta, a cikin rubutu kawai ake ambatarta. Ita tana son a bi ƙa'ida. Ni kuwa na ce a nazarin Hausa mun gaji jera waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da unguwarsu da ranar hirar, kuma ba zan yarda tsohuwar da ta ba da rabin aikin ta ɓace daga shafin ƙarshe ba. Muka tsaya a kan shafi na daban bayan manazarta, da sharaɗin a nemi izinin mutum kafin a rubuta sunansa. Sharaɗin nata ne, ni ban yi tunaninsa ba.

Ba zan ce ajin ya koma na masana ba. Mutum tara ko goma sun sake kwafowa, sai dai wannan karon kama su bai yi wuya ba, domin shafi biyar ɗinsu bai yi kama da tambayar da suka kawo a sati na uku ba. Wasu sun yi hirar a waya da wani kawunsu suka ce sun je karofi. Da yawa har yanzu ba su iya sarrafa maganar wani su faɗe ta da bakinsu ba, sai dai su sauya kalma biyu su bar sauran, kuma wannan aikina ne ni malamin harshe, ba na laburare ba. Amma na karanta ayyuka a kan jima da dukanci da ƙira da sassaƙar turmi waɗanda na koyi abin da ban sani ba a cikinsu, abin da bai taɓa faruwa da tsohuwar jingata ba. Manhajar kwas kuwa ban gama ta ba, darasi ɗaya ya rage, na cike shi ranar wata Asabar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nauyin da na ɗora wa Hajiya. Awa shida a aji, da duba takardu arba'in, da ɗaliban da suka riƙa yi mata sallama a ofis har magariba, babu ko ɗaya da aka lissafa mata a matsayin koyarwa. Ba ya cikin jadawali, ba ya cikin takardar ƙarin girmanta. Ƙwararrun ma'aikatan laburaren ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, sassan kwalejin kuwa sun haura ashirin. In kowane malami ya yi abin da na yi, ba za ta iya ba. Na rubuta takarda ta hannun shugaban sashe ina neman a sa irin wannan haɗin gwiwa a jadawali, a kuma raba ma'aikatan laburare ga makarantun kwalejin, kowa da nasa. An ce tana gaban kwamiti.

Da sabon zango ya kama, na kai mata jingar da na tsara wa 'yan aji uku a kan waƙoƙin aikin gida na mata, ina jin wannan karon ba ta da abin cewa. Abokin aikin nan nawa mai maganar haya na tarar zaune a kujerar da na saba zama, da tasa takardar a hannu, yana ta kallon silin. Hajiya ta karɓi tawa, ta ɗauko jan biro, ta zagaye layi na uku.

"Ka ce madogara biyar daga mujallu. Ka duba ka ga akwai biyar ɗin a kan waƙar daɓe?"

Na ce ban duba ba.

"To ga kwamfuta nan. In Malam ya gama, sai ka zauna."